Ambrose Mai Awon Jini da Askar da Ta Koma Zabira

Tun kafin ƙarfe bakwai na safe, sa'ad da 'yan dako ke fara taruwa a bakin tashar jirgin ƙasa, wani siririn dattijo yakan fito daga Sabon Gari a kan tsohon kekensa, ƙafar wandonsa a soke cikin safa, ya nufo Fagge. Mista Ambrose ke nan, mai awon jini a ƙaramin asibitin Dakta Kyari. Shi ke buɗe ɗakin awo, shi ke share shi da kansa, don ya ce masu shara ba su san abin da ke fashewa ba. Sai ya wanke 'yan gilasansa ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan farin ƙyalle, ya jawo teburinsa bakin taga tunda wuta ba ta da alƙawari, ya karkata ɗan madubin da ke ƙarƙashin na'urarsa ta hangen ƙwayoyin jini har ya kamo hasken rana. Daga nan ne yake buɗe ƙofa, kukan yara ya shigo.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan yana wannan aiki, in aka cire shekarun da shi da mutanensa suka bar garin nan ba da son ransu ba, lokacin yaƙin basasa. A Sabon Gari aka haife shi, mahaifinsa makanikin jirgin ƙasa ne, kuma da ƙura ta lafa nan ya dawo, don ya ce bai san wani gidan ba. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Idanun sun gaji. Ba za a buga hotonsa a ko'ina ba, shi ya sa ni, Halilu, malamin makarantar firamare a Fagge, na ɗauki alƙalami. Darasin kiwon lafiya nake koyarwa, kuma mai karatu ya riƙe wannan a ransa, don zai yi masa amfani in ya zo yi mini dariya a gaba.

Aikin nasa in ka gani sai ka raina. Ya soki yatsan yaro, ya ɗiga jini a kan gilashi, ya shafe shi siriri, ya rina shi da wani ruwa mai launin shuni, ya sa ido. Da farko yakan nemi ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. In bai gan ta ba, sai ya koma kan fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke tare wa jiki faɗa. Yana da wake guda ɗari cif a cikin wani kwano, da gwangwanayen madara a jere a gefen hannunsa. Duk ƙwayar da ya gani sai ya jefa wake ɗaya a gwangwanin irinta, ba tare da ya ɗaga ido ba. In waken kwano ya ƙare, ya ƙirga ɗari ke nan, sai ya leƙa gwangwanaye.

Biyu daga cikinsu ne ke da magana. In na farko ya cika, kuma fararen ƙwayoyin sun yi yawa fiye da ƙima, alama ce ta irin cutar nan da ke tara mugunya, wadda allurar fanisilin ke kashewa, kuma ba a jinkiri da ita. In kuwa na biyu ne ya cika, alhali ƙwayoyin ba su ƙaru ba ko ma sun ragu, to an fi zaton bairos, dangin su ƙyanda da hangum da mura, waɗanda allura ba ta san hanyar gidansu ba. Amma bai taɓa yarda a ce ya gano ciwo ba. Yakan ce jini ba ya faɗin sunan cuta, unguwarsu kawai yake nunawa, likita ne ke ƙwanƙwasa ƙofa.

Wanda bai zauna a Kano a 'yan shekarun nan ba, ba zai san nauyin wannan magana ba. Tun da kuɗin mai suka shigo, kowane lungu ya sami kemis, kowane kemis ya sami mai allura, kuma uban da ya kai ɗansa asibiti aka sallame shi ba a tsira wa yaron ƙarfe ba gani yake an raina arzikinsa. Na san wani Alhaji da ya zo da sabuwar Marsandi ya ce a yi wa ɗansa allurar da ta fi kowace tsada. Ambrose ya zazzage masa gwangwanaye biyu a kan tebur, ya yi masa bayani a tsanake, har Alhajin ya koma gida da ruwan magani na tari da umarnin a ba yaro ruwa da yawa, yana ta gunaguni. Yaron ya warke cikin kwana huɗu, Alhajin kuwa har yau bai huce ba. Wata mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari, Madam Nkechi, ta ba ni akasin wannan. Ɗanta ɗan zazzaɓi kawai yake yi da tari, tana sauri ta koma rumfa. Ambrose ya duba jinin, ya miƙe, ya ɗauki yaron ya ratsa layin mutum talatin har gaban likita. Ashe ciwon huhu ne ya ci ƙarfinsa. Ta ce ranar ta zage shi da harsuna biyu saboda ya ɓata mata kasuwa, da Lahadi kuma ta je coci ta durƙusa a gabansa.

Nawa labarin a bazarar 1975 ya faru, shekarar da sanƙarau ya shigo unguwarmu. Wanda ya ga wannan bazara bai manta ta ba. Yaro ya yi wasa da safe, da yamma wuya ya sandare, washegari a wuce da shi a tabarma. A layinmu kaɗai gida uku aka yi zaman makoki cikin mako biyu. Kullum da asuba sai in tara 'ya'yana in riƙa lanƙwasa musu wuya ɗaya bayan ɗaya, haɓa ta taɓa ƙirji, har suka koyi ɓuya in sun ji na dawo daga masallaci.

Sai 'yata Ummakulsum ta kwanta. Shekararta biyar a lokacin. Zazzaɓi kwana uku, maƙogwaro ya kumbura, ko kunu ta ƙi haɗiya. A rana ta uku uwarta, Sa'adiya, tana shafa mata ruwa ta kira ni da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba, ta nuna mini ƙwaurin yarinyar. Wasu 'yan ɗige-ɗige ne ja, ƙanana, kamar an barbaɗa garin barkono. Mun ji ana cewa masu sanƙarau kan fitar da irin wannan kafin ƙarshe. Ba wanda ya faɗi sunan ciwon a cikinmu. Na zauna a bakin gado.

Mahaifiyata, Inna, ita ba ta da shakka. Hakin wuya ne, ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen baki, wanda wanzami kan cire wa jariri kafin suna. A asibiti aka haifi Ummakulsum, ni kuma lokacin boko na kan tashe a kaina, na hana a cire mata. Shekara biyar Inna tana jiran ranar da gaskiyarta za ta fito, ga ta kuwa ta zo da shaidu.

Muka tafi asibiti mu uku, ni da Inna da ita, a kan babur ɗin da na saya da kuɗin ƙarin albashi na Udoji, yarinyar a tsakiya. Dakta Kyari ya lanƙwasa wuyanta, ya lanƙwasu. Ya leƙa maƙogwaro, ya daɗe yana kallon ɗige-ɗigen nan, ya tura mu awon jini. Ambrose ya soki yatsan, ya ɗauki abin da yake so, ya danna auduga. Audugar ta jiƙe. Ya sake wata, ita ma ta jiƙe. A ta uku ya ce in riƙe da ƙarfi, mu zauna a benci mu jira, kada mu tafi sai ya fito. Ya juya ga yaro na gaba, don layin ya kai bakin titi.

A bakin ƙofar ne Inna ta gaya mini, da muryar da ake kiran mai tallan nono, cewa tun da safe ta aika wa Wali wanzami, bayan azahar zai zo, mu tashi mu tafi. Ba ta ga dalilin rage murya ba, don a ganinta mutumin Sabon Gari mai farar riga ba ya jin Hausa. Ba ta san cewa Hausar bakinsa ta girmi tawa ba. Ni kuwa, malamin kiwon lafiya, wanda ya taɓa zana hakin wuya a allo ya ce Allah bai halicce shi a banza ba, na kalli 'yata tana numfashi da baki buɗe, na kalli uwata, na lissafa cewa in an yi na asibiti an kuma yi na gida ai ba a bar wata ƙofa ba. Tsoro ne, ba wani abu ba, amma a lokacin sai na sa masa suna biyayya ga iyaye. Muka sulale.

Abin da ya biyo baya daga bakin Dakta Kyari na ji shi. Ambrose ya tsallake gilasai shida ya ɗauki namu, saboda audugar nan uku ta tsaya masa a rai. Babu ƙwayar sauro. Fararen ƙwayoyi sun ragu, gwangwani na biyu ya cika, abin da ya fi kama da bairos, ba sanƙarau irin wanda ke kwasar yara ba. Wannan albishir ne. Amma akwai wasu 'yan ɓarɓashi a cikin jini, ƙanana ƙwarai, waɗanda su ke toshe rauni jini ya tsaya. Inda ya saba ganin goma ko fiye a leƙe ɗaya, ya zagaye gilashin nan gaba ɗaya bai tara biyar ba. Wani bairos ɗin kan yi haka ga yara. Yarinyar da jininta ke wannan hali, in aka yanke ta a cikin maƙogwaro, inda ba a iya dannawa ba a iya ɗaurewa, babu abin da zai tsayar da shi.

Ya fito da sauri, ya tarar da benci ba mu. Ya ɗauki katinmu ya duba adireshi. Da hannuna, da kyakkyawan rubutun nan nawa da nake dukan yara a kansa, na rubuta: Fagge. Shi ke nan. Kamar Fagge ɗaki ɗaya ce da tsakar gida.

A nan ne sanin gari ya yi aiki. Ya san in ya tsaya tambayar gidan Malam Halilu, za a nuna masa gida bakwai. Amma ya ji sunan wanzamin, kuma ya san babu wanzamin da ke fita da zabira abokan sana'arsa ba su san inda ya dosa ba. Ya bar wa likita layin, ya hau keke cikin tsakiyar ranar nan ta bazara da kwalta ke narkewa, ya nufi inda wanzamai ke zama. Can aka ce masa Wali ya yi sallah ya tafi gidan malamin makaranta mai jan babur, bayan injin markaɗe.

Mu kuwa mun shirya. An shimfiɗa tabarma a zaure, an kawo ruwan ɗumi a kwano. Ni ne na zauna na sa Ummakulsum tsakanin ƙafafuna, na harɗe hannayenta a ƙirjinta, Inna ta riƙe kan. Sa'adiya tana daga bayan ƙyaure, ba ta yarda ba, ba kuma wanda ya tambaye ta. Wali ya buɗe zabira, ya zaro 'yar lanƙwasasshiyar askarsa da ɗan itacen da yake danne harshe da shi. Yarinyar ba ta da ƙarfin kuka. Ina jin bugun zuciyarta a damtsena, da sauri, kamar na tsuntsun da aka kama. Ya ce ta buɗe baki ta ce a.

Sai aka yi sallama. Ambrose ne a bakin zaure, farar rigarsa ta manne a bayansa, yana haki. Ban taɓa ganin mutum ya yi sauri irin nasa ba, ban kuma taɓa ganin mai sauri ya tsaya gaisuwa irin tasa ba. Ya cire takalmi, ya russuna ya gai da Inna, ya tambaye ta gajiyar asibiti. Ya gai da Wali da sunan sana'arsa, ya tambaye shi aiki. Ni ko kallona bai yi ba, na kuma gode masa da hakan. Amma duk gaisuwar nan yana yin ta yana matsowa, har gwiwarsa ta shiga tsakanin aska da bakin yarinya.

Bai ce wa Wali aikinsa jahilci ne ba. Cewa ya yi su biyun duk da jini suke sana'a, kuma ya san Wali ya fi shi ganin jini yana zuba, don haka yana roƙon ya duba wani abu ya ba shi shawara. Ya kwance ƙyallen da muka naɗe yatsan da shi. Tun hantsi aka yi sukar, ga azahar ta wuce, har lokacin wurin yana tsattsafowa. Sannan ya ce Wali ya ɗaga leɓenta ya dubi dasashi.

Wali ya ɗaga, ya goga babban yatsansa a hankali, ya duba yatsan. Ja. Ya sake duban ƙwaurinta. Ya goge askar da bai yi amfani da ita ba a gefen rigarsa, ya mayar da ita zabira.

"Wannan jinin ba ya jin kira," in ji shi. "Na taɓa gamuwa da irinsa sau ɗaya a Rijiyar Lemo. Ban sake bin layin ba har yau."

Inna ta ce ai shi ya yi wa duk sauran jikokinta, ba wanda ya ko yi tari. Wali ya ce ko ɗiyar cikinsa ce yau ba zai taɓa ta ba, ya miƙe. Sai a sannan Ambrose ya juyo gare ni.

"Malam, ɗauko ta mu koma. Kada ka hau babur da ita. In kuka faɗi, ko ƙujewa ce ta ishe ta."

Na saɓa ta a kafaɗa muka tafi a ƙasa, yana tura kekensa a gefena, yana tare mana masu amalanke da hannu.

Da a ce nan tsoron ya ƙare, da na ji daɗin rubutun nan. An kwantar da ita. Washegari haɓo ya ɓalle mata, jini ta hanci har ya jiƙa zanen uwarta, sai da likita ya cusa mata ƙyalle mai magani kafin ya tsaya. Ina tsaye ina kallo, ina ƙiyasta abin da zai faru da a maƙogwaro ne, kuma da hannuna na riƙe ta. Da yamma Dakta Kyari ya kira ni gefe ya ce yawanci irin wannan yakan gyaru da kansa in bairos ɗin ya wuce, amma akwai wani mugun ciwon jini da kan fara da irin waɗannan alamu, kuma ba a rabe su sai da ido a kan gilashi, kullum. Bai faɗi sunan ciwon ba, ni ma ban tambaya ba.

Kwana takwas, kowace safiya Ambrose na zuwa gadonta kafin ya buɗe ƙofarsa, ya soki yatsa, ya tsaya da kansa yana danne wurin har sai ya ga ya daina. Ni kuma in bi shi in laɓe a bakin taga. Bayansa kawai nake gani. Na koyi karanta ƙeyar mutumin nan kamar yadda manomi ke karanta gabas. In ya daɗe bai motsa ba, in kama addu'a. In ya gyara zama, in ce shi ke nan ya ga abin. Kullum in ya fito amsarsa ɗaya ce: bai ga baƙuwar ƙwaya ba, ɓarɓashin kuma ba su dawo ba, mu ga gobe. Na roƙe shi ya ce mini za ta tashi, ko don in sami abin gaya wa uwarta. Ya ce ba zai faɗi abin da bai gani ba. Ranar na ji haushinsa. Daga baya na gane cewa saboda wannan ne maganarsa ta rana ta takwas ta zama abin da mutum zai iya jingina da ita.

Ranar ya daɗe fiye da kullum. Sannan ya yafito ni ta taga ba tare da ya juyo ba, ashe duk kwanakin nan ya san ina wurin.

"Zo ka gani. Sun fara dawowa."

Na sa ido. Ban ga komai ba sai shuni da gashin idona. Na ce lallai kuwa, ga su nan. Ya bar ni da mutuncina bai ce in nuna masa ba. Na fita bayan asibiti inda ake shanya zannuwa, na yi abin da malami ba ya yi a gaban 'yan makaranta.

Mista Ambrose, kai ne ka ji maganar da ba da kai ake yi ba, ka ɗauke ta tamkar 'yarka aka ambata. Kai ne ka bar inuwa ka shiga rana saboda mutanen da suka gudu ba su ko yi maka sallama ba. Ka shiga zauren da ba a gayyace ka ba, ka fito ba ka kunyata tsohuwa ba, ba ka zubar da girman wanzami ba, ba ka tona wa uban yarinya asiri ba, sai da shi ya ga dama ya tona wa kansa yau. Na Sabon Gari, mai ganin abin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta. Yara nawa ka hana a tsira wa allurar banza, nawa kuma ka gaggauta wa wadda ta cece su, kai ma ba ka san adadinsu ba.

Ummakulsum tana aji uku yanzu, tana da surutu kamar kakarta, hakin wuyanta kuma yana nan daram. Inna ba ta sauka daga ra'ayinta ba, har gobe cewa take da an cire tun tana jaririya da ba a kai ga haka ba. Amma duk jikan da ya yi zazzaɓi, kafin a kira kowa sai ta ce a kai wa mutumin nan yatsa tukuna. Wali ma yanzu yakan ɗaga leɓen yaro kafin ya buɗe zabira, ya kuma turo biyu asibiti da bakinsa.

Abin da ke hana ni sakewa shi ne, na tambayi Dakta Kyari wa zai zauna a kujerar, ya ce yana nan yana nema. Samari biyun da Ambrose ya koyar duk sun tafi, ɗaya kwangila, ɗaya fataucin siminti, kuma ban ga laifinsu ba. Amma bazara na sake zuwa. Ku matasan da kuka gama sakandare kuke neman inda za ku sa kanku, ga aiki nan da ba a yi wa kirari, wanda rayuka ke rataye a kansa. Ku je yanzu, tun yana iya zama kusa da ku ya ce wannan ce, waccan ba ita ba ce. Ku kuma iyaye 'yan'uwana, in an ce ku zauna a benci ku jira, ku zauna.

Mun gode, Baba Ambrose. Allah ya huta gajiya, ya bar maka sauran hasken idonka ka ga jikokinka da shi. Ranar Asabar ɗin da za a yi maka ban kwana zan zo da yarinyar, da ƙafafunta, ta gaishe ka.